Baƙin da ke Ceton Haƙori da Farin da ke Kashe Shi

Kwalabe biyu nake so mu tattauna a kansu, mai karatu. Ta farko ka san ta. Ana yawo da ita a tashar mota ta Kaura Namoda, ana shelarta da lasifika a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ba ka kuma rasa ta a kan kantar masu kemis daga Moriki har Zurmi. Ba ta kai babban yatsa ba, amma mai tallarta ya yi maka ɗayan alkawura biyu: ko ta kashe ciwon haƙori nan take, ko ta mayar da haƙoranka farare tas kamar auduga. Ta biyu ba kowa ya taɓa ganinta ba. Ita ma ƙarama ce, a hannun likitan haƙori ake samunta, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin kyau. Duk ruɓaɓɓen wurin da ta taɓa a haƙori sai ya koma baƙi ƙirin, ba ya kuma sake yin fari.

Ta farko mun rungume ta hannu bibbiyu. Ta biyu kuwa, da zarar an faɗa wa uwa cewa haƙorin ɗanta zai yi baƙi, sai ta ja hannun yaron ta ce bari ta je ta shawarci maigida. A ganina wannan hukunci a kife yake, kuma yana cin haƙoran mutane a garuruwan nan. Dalilina guda ne: abin da ka zuba a kogon haƙori ba ya tafiya da tafiyar ciwon. Yana nan a jikin bangon kogon, kuma a kan wannan bango ne cikon da likita zai yi maka gobe zai nemi wurin kamawa.

Kafin ka yarda da ni ko ka ƙi, ya kamata ka san yadda ciko yake zama a haƙori, domin ba iri ɗaya ba ne.

Tsohon ciko mai ruwan toka, wanda ake kira amalgam, haɗi ne na azurfa da wasu ƙarafa da zaiba. Shi ba ya mannewa da komai. Likita yana fafe kogon ne yadda cikinsa zai fi bakinsa faɗi, ya cusa haɗin, ya daskare a ciki ya rasa hanyar fita, kamar kabewar da ta girma a cikin tulu. Yana da ƙarko, amma duniya tana janye jiki daga gare shi saboda zaibar da ke cikinsa, ƙarƙashin Yarjejeniyar Minamata wadda Najeriya ta amince da ita a 2018. Ke nan nan gaba cikon da za ka fi samu shi ne ɗayan biyun da ke tafe.

Farin ciko, wato kwamfozit, shi ne wanda kowa ke so, domin ana iya daidaita launinsa da na haƙori har ba a gane wurin. Wata roba ce mai tauri da aka cakuɗa da garin gilashi, kuma manna ta ake yi. Ka tsaya wurin mai faci ka ga yadda yake yi da tif: ya kankare wurin, ya goge, ya bari ya bushe, sannan ya shafa sholisho. Ɗigon mai ɗaya a wurin ya isa ya sa facin ya ɗaye kafin ka kai gida. Haka likita yake yi. Yana shafa wa haƙorin asid na fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin 100 na daƙiƙa 15 zuwa 30, ya wanke, ya busar. Wannan yana barin ƙananan ramuka da ido ba ya gani a ɓawon haƙorin, gam ya kwarara cikinsu, sannan a haska masa wani shuɗin haske ya daskare. Wani likita a Amurka mai suna Michael Buonocore ne ya fito da dabarar a 1955. Abin lura shi ne yadda daskarewar take faruwa: ƙwayoyin robar suna kama hannun juna ne ɗaya bayan ɗaya har su zama sarƙa. Duk sinadarin da ya shiga tsakani ya tsinka sarƙar, to gam ɗin ya zauna da laushi, ko da samansa ya yi kamar ya yi tauri.

Na uku shi ne gilas ayonoma, wanda za mu iya kira simintin gilashi, an ƙirƙiro shi a Ingila a farkon shekarun 1970. Shi da kansa yake kama sinadarin kalsiyam na jikin haƙori, ba sai da gam ba. Ya fi jure danshi, yana kuma sakin fuloraid a hankali. Bai kai kwamfozit ƙarfi ko sheƙi ba.

To, me muke zubawa a kogon kafin mu isa wurin likita?

Zan fara da kanumfari, domin a kansa ne na san zan fi shan suka. Ban ce ƙarya kakanninmu suka yi ba. Kanumfari yana kashe raɗaɗi, kuma sinadarin da ke yin wannan aiki, yujinol, shi ne kaso mafi yawa na man kanumfari. Likitocin haƙori da kansu suna amfani da shi a cikin cikon wucin gadi, shi ya sa ɗakinsu yake wannan ƙamshin. Yawancin ƙananan kwalaben da ake ɗigawa a auduga a cusa a kogo, ka shinshina ka ji, shi ne a ciki. Sai dai yujinol na cikin sinadaran da aka sani da tsinka sarƙar da na ambata. Mai ne, yana ratsa ƙananan kafofin da ke cikin naman haƙori ya zauna. Idan aka manna farin ciko a kan bangon da ya jiƙu da shi, gam ɗin ba ya daskarewa yadda ya kamata a daidai inda ya haɗu da haƙori. Ranar farko ba ka ganin komai. Bayan watanni sai siririyar tazara ta buɗe a gefen cikon, ruwan shayi da na goro su shiga, wani zare mai ruwan ƙasa ya zagaye cikon, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su ci gaba da aikinsu a ƙarƙashi. Wata rana kana cin tsire sai ka ji wani abu kamar tsakuwa a baki. Daga nan sai a ce likitan bai iya aiki ba, an ci kuɗin mutum a banza.

Wannan matsala tana da magani, kuma mai sauƙi. Likitan da ya san akwai yujinol a kogo zai kankare bangon sosai, ko ya jinkirta farin cikon kamar mako guda, ko ya zaɓi wani ciko dabam. Amma wa zai gaya masa? A tagar ɗakin magani inda nake aiki na sha tambayar mai ciwon haƙori abin da ya sa wa haƙorin, ya ce ba komai, alhali ƙamshin kanumfari ya riga maganarsa isowa. Kunya ce, ko tsoron faɗa. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Likita ba alƙali ba ne, yana tambaya ne don ya san irin bangon da zai yi yaɓe a kai.

Ɓarnar da ta fi wannan girma ita ce shirun da man yake saya maka. Ciwo ɗan aike ne. Ka rufe masa baki mako uku, wata biyu, ruɓar ba ta tsaya jiranka ba, tana nutsawa har ta kai jijiyar da ke tsakiyar haƙori. Ranar da jijiyar ta mutu ciwon yakan ɗauke gaba ɗaya, mai kwalba ya samu sabon mai ba da shaida a kasuwa. Bayan wani lokaci haƙorin ya fara rinewa zuwa ruwan toka, ƙurji ya fito a dasashi, kunci ya kumbura. A wannan mataki maganar ciko kawai ta wuce. Sai dai a yi aikin wanke saiwar haƙori, mai tsada da zuwa sau da yawa, ko a cire. Wanda ya danna ƙwayar kanumfari dare ɗaya kafin gari ya waye ya kama hanyar asibiti, ba da shi nake ba. Ina magana ne da wanda ya mayar da kwalbar likitansa. Kuma a nisanta ta da yara: man yana ƙona dasashi, idan ƙaramin yaro ya sha shi yana iya taɓa masa hanta.

Sauran abubuwan ba su cancanci doguwar muhawara ba. Ruwan batir, fetur, man birki, garin taba, kanwa, duk ana cusa su a kogon haƙori. Wani zai ce ai kai da bakinka ka ce likita ma asid yake shafawa. Na faɗa. Amma nasa asid ne da aka auna ƙarfinsa, na daƙiƙoƙi, a wurin da aka killace, a wanke nan take. Ruwan batir asid ne na salfurik, yana narkar da bangon kogon ya bar shi da laushi kamar jiƙaƙƙen alli, babu abin da gam zai kama, yana kuma ƙone jijiyar da naman baki. Wanda aka tsiyayo daga tsohon batir ga shi da dalma a ciki, mu kuwa a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba, bayan yara fiye da 400 da ta kashe a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Ƙwayar asfirin da ake dannawa a gefen haƙori ita ma asid ce. Tana ƙona dasashi ya yi fari ya saluɓe, alhali ba ta aiki sai an haɗiye ta ta shiga jini. Mai cire tsutsa kuma, wanda ke nuna maka abin da ya ce ya zaro daga haƙorinka, da guzurinsa ya zo. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da asid, asid ɗin ya ci haƙori.

Sai maganar fari, wadda ta zama ruwan dare tun da tallar kayan gyaran amare ta koma Facebook da TikTok. Magungunan faranta haƙori na gaskiya ferokzaid ne a cikinsu, kuma suna aiki a kan haƙorin da Allah ya halitta. Ba sa canza launin ciko ko kaɗan. Yarinyar da aka yi wa farin ciko a haƙorin gaba shekara biyu da suka wuce, aka daidaita shi da launin haƙoranta na lokacin, idan ta shafa maganin ana saura mako biyu biki, haƙoran za su yi haske su bar cikon a baya, ya fito rawaya a tsakiyar murmushinta, abin da da ba wanda ya san da shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Idan kuma ta ruga a sake mata cikon washegari, ga wata matsalar: ferokzaid yana barin iskar oksijin a cikin haƙori na kwanaki, ita ma tana tsinka sarƙar gam. Shi ya sa likitoci suke jira kamar mako biyu bayan an gama faranta haƙori kafin su manna sabon ciko, lokacin launin ma ya zauna an san da me za a daidaita. Wanda kuma ke da buɗaɗɗen kogo bai kamata maganin ya shiga bakinsa ba sam sai an rufe kogon.

Na bogin sun fi muni. Lemun tsami da soda, gawayi, toka, da wasu ruwaye marasa suna marasa lambar NAFDAC. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan tsamin baki ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami, ruwan lemun tsami kuwa wajen 2 yake. Farin da kake gani a kwanakin farko farin zaizaya ne, kyan ɗan maciji. Ɓawon ba ya tsirowa. Idan ya yi siriri sai naman ciki mai ruwan rawaya ya bayyana, haƙori ya fara tsami da ruwan sanyi, fuskar cikon da ke bakin ta yi kaushi ta riƙa kama launin duk abin da aka ci.

A nan dole in taɓa masu sana'a irin tawa. Ruwan kurkure baki na kulohekzidin magani ne mai kyau ga ciwon dasashi, na mako ɗaya ko biyu. Amma ana sayar wa mutum shi don warin baki ya yi wata uku yana kurkurawa, ba wanda ya gaya masa cewa yana rina haƙora da harshe da gefen ciko zuwa ruwan ƙasa, musamman ga mai yawan shan shayi. Wannan sakaci ne na mai sayarwa. Maganin ƙarin jini na ruwa da ake ba masu ciki da yara shi ma yana baƙanta haƙora, sai dai nasa a sama yake, yana fita da wankin likita, kuma ba dalili ba ne na daina shan maganin. A kurkure baki da ruwa bayan an sha. Ka ga ke nan launi shi kaɗai ba ya gaya maka lafiyar haƙori. Akwai baƙin da datti ne kawai, akwai duhun mataccen haƙori, akwai farin da zaizaya ce. Akwai kuma baƙin da alama ce ta cewa ruɓa ta tsaya, wanda ya kawo mu kan kwalba ta biyu.

Sunan maganin silba dayamin fuloraid, ana taƙaita shi da SDF. Ruwa ne, wanda aka fi amfani da shi mai ƙarfin kashi 38 cikin 100. Azurfar da ke ciki tana kashe ƙwayoyin cuta, fuloraid ɗin kuma yana taurara wurin da ya yi laushi. A Japan aka fara amfani da shi tun wajen 1970, Amurka ta ba shi izini a 2014, sannan a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna, tare da simintin gilashi da man goge baki mai fuloraid. Yadda ake sa shi: a share kogon, a busar da auduga, a shafa da ɗan ƙaramin buroshi, a jira kamar minti ɗaya. Babu allura, babu injin fafe haƙori, babu buƙatar wutar lantarki. Ɗigo ɗaya yakan isa haƙora har 5. Binciken da aka tattara a kan haƙoran yara ya nuna yana tsayar da ruɓa a kimanin kogo 8 cikin 10, kuma ya fi aiki idan ana maimaitawa sau biyu a shekara.

Yanzu ka ɗora wannan a kan halin da muke ciki. Uba a wani ƙauye na Zurmi ko Shinkafi, ɗansa ɗan shekara huɗu yana da kogo a turame uku. Kafin ya kai shi inda ake da kujerar likitan haƙori da kayan aiki, sau da yawa sai ya dangana da Gusau ko Sakkwato, a kan hanyar da kowa ya san ba a binta sai da addu'a, ga kuɗin mota, ga yinin gona da ya tafi. Ya isa kuma yaron ya ƙi buɗe baki don tsoron allura. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ba a zuwa. Ana sayen kwalba ta farko. Yaron da turamensa ke ciwo kuwa ba ya tauna, yana zaɓen abinci, yana ramewa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta samu fiye da ɗaya cikin huɗu suna fama da tamowa. A irin wannan wuri haƙorin da ke tauna tuwo ba abin ado ba ne da za a tsaya ana duba launinsa.

Na san abin da uwa za ta ce, kuma ba na raina shi. Yara suna da tsokana. Yarinya mai baƙi a haƙoran gaba za ta sha suna a makarantar allo da ta boko, wata har ta daina dariya a gaban mutane. Wannan ciwo ne na gaske. Amma a duba abubuwa uku. Maganin ba ya rina lafiyayyen haƙori, ruɓaɓɓen wurin kawai yake kamawa, wurin da dama ya riga ya canza launi. Yawancin kogon da ke hana yaro cin abinci a turame yake, can ciki inda ba mai gani. Sannan haƙoran yarinta masu faɗuwa ne. Na gaba sukan fara famfara tun wajen shekara 6, turame kuwa sai wajen 10 zuwa 12, kuma su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi. A bar turmi ya ruɓe a cire shi a shekara huɗu, na bayansa ya matso, wanda zai fito daga baya ya rasa wuri ya fito a karkace. Wannan munin ya fi daɗewa.

Ko batun kyan ma ba a tsaye yake ba. Kakanninmu mata da fure da goro suke rina haƙora su yi ja, a yaba. A Japan ɗin da maganin ya fito, an yi zamanin da matan aure ke baƙanta haƙoransu da gangan don ado. Farin da muke bauta wa yau na tallar man goge baki ne.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce: bayan an shafa SDF, ana iya rufe baƙin da ciko? Ana iyawa, amma da sharuɗɗa, kuma ba zan ɓoye su ba. Simintin gilashi yana zama lafiya a kan wurin da aka shafa wa maganin, shi ya sa likitoci da yawa suke haɗa su: maganin ya tsayar da ruɓa, simintin ya toshe kogon kada abinci ya riƙa maƙalewa. Dabarar cike haƙori da kayan hannu da wannan siminti, ba tare da inji ba, a Tanzaniya aka fara ta a tsakiyar shekarun 1980, don wurare irin namu. Farin ciko na kwamfozit kuwa ya fi tsirfa. Idan aka manna shi nan take a kan ragowar maganin da ba a wanke ba, kamun gam ɗin yana iya raguwa, kuma shuɗin hasken da ake daskarar da shi yana sa azurfar ta baƙanta a take, duhun ya riƙa lekowa ta ƙarƙashin cikon ko ta gefensa. Don haka likita yakan wanke wurin sosai, ko ya ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu, ya kankare baƙin da ke bakin kogon, ya shimfiɗa abin da zai tare duhun, sannan ya yi cikon. Akwai kuma wani ruwa, fotasiyam ayodaid, da ake shafawa a kan maganin don rage baƙin. Yana ragewa da farko, amma duhun yakan dawo a hankali, kuma ba a sa wa mai ciki ko mai shayarwa. Duk wanda ya ce maka zai shafa SDF a haƙorin gaba ba tare da wata alama ta rage ba, ya faɗi abin da ba zai iya lamuncewa ba.

Maganin kuma ba na kowane haƙori ba ne. Wanda ruɓarsa ta kai jijiya, mai tashin mutum da dare, ko mai ƙurji, ya wuce nan. Ba a shafa wa mai gyambo a baki, ko wanda jikinsa ba ya jituwa da azurfa. Idan ya taɓa fata yana barin tabo kamar na lalle da ke gogewa cikin makonni, a tufafi kuwa ba ya fita. Saboda haka ba abin da za a saya a kai gida ba ne. Ranar da ya faɗa hannun masu lasifika, ya zama kwalba ta farko shi ma.

Ga hukuma kuwa, maganata gajeriya ce. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da hukumar kula da lafiya matakin farko suna da jerin nan na 2021 a gabansu. Magani ne da ba ya son firji, ba ya son janareta, kuma a ƙasashe da dama ma'aikatan lafiya da aka horar ne suke shafa shi ƙarƙashin kulawar likitan haƙori. Me zai hana manyan asibitocin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su zama cibiyar wannan aiki, a riƙa duba bakin yaro ranar da aka kawo shi rigakafi ko awon tamowa? Muddin asibiti bai ba talaka abin da zai sa wa haƙorin ɗansa ba, mai kwalba zai ba shi. Likitocin da ke da maganin su ma da nasu: kada a shafa wa yaro sai an nuna wa iyayensa hoton yadda haƙorin zai koma, sun gani da idonsu sun amince. Uwa ɗaya da aka ba mamaki ta isa ta hana unguwa guda zuwa.

Kai kuma da haƙori ke damunka yau, ko yake damun wani a gidanka, ka sha farasitamol bisa ƙa'idar da aka rubuta, ka kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka bar kogon haka nan ba tare da ka cusa masa komai ba, ka nemi likita cikin kwanakin nan. Idan kunci ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, ranar za a tafi asibiti mafi kusa, ba a kwana. Yaro mai tamowa da dasashinsa ke zubar jini yana wari, shi ma ranar za a kai shi, domin haka cutar noma take farawa, kuma tana cin fuska cikin kwanaki; akwai asibitinta na musamman a Sakkwato, amma magani tun da wuri a asibitin kusa shi ke hana a kai ga can.

Idan ka riga ka zuba wani abu, sa kwalbar a aljihu ka tafi da ita. Ka gaya wa likita abin da ka sa, sau nawa, da ranar ƙarshe da ka sa. Ka gaya masa idan ka shafa maganin faranta haƙori cikin mako biyun da suka wuce, ko kana kurkure baki da wani ruwa, ko matar da ka kawo tana da ciki. Ka tambaye shi wane irin ciko zai yi maka da dalilin zaɓensa. Idan ya ce ka je ka dawo bayan mako guda kafin ya manna farin ciko, ba ja maka rai yake yi ba, bangon yake jira. Idan kuma yaro aka shafa wa SDF, kada ku bar asibitin sai an rubuta muku ranar dawowa a kati. Yawanci bayan wata 6 ne.